Kartala: Dutsen Wutar da Ke Riƙe da Ruwan Shan Mutanen Ngazija

Idan aka ambaci dutse mai aman wuta, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne gobara da ƙonewar gidaje. Amma a tsibirin Ngazija, babba daga cikin tsibiran Komoro, abin da magidanta suka fi fargaba ranar da dutse ya motsa shi ne ƙishirwa.

Tsibiran Komoro guda huɗu ne, suna zaune a tekun Indiya tsakanin Mozambik da Madagaskar, kuma dukansu aman wuta ne ya tayar da su daga ƙarƙashin teku. Mayot ita ce mafi tsufa, har duwatsunta sun lafa sun zaizaye. Ngazija kuwa ita ce autarsu, ginin ta bai ƙare ba tukuna. Mai ginin shi ne Kartala, dutse mai tsawon mita 2,361, wanda ya mamaye kusan kashi biyu cikin uku na tsibirin. A gindinsa ta yamma ne Moroni, babban birnin ƙasar, yake zaune.

Kartala ba shi da tsini irin na wasu duwatsun wuta. Siffarsa kamar akushi ce da aka kifa, domin narkakken dutsen da yake fitarwa mai tsinkewa ne, yana malala nesa kafin ya daskare. Malala bisa malala, shekara dubbai, har ya kai girman da yake a yau. A ƙwanƙolinsa akwai wani wagegen rami, kimanin kilomita 3 a faɗi da 4 a tsawo, wanda ya samu sakamakon rubzawar saman dutsen. Tun daga ƙarni na 19 zuwa yau, an lissafa ya yi aman wuta fiye da sau 20.

Ba kullum wutar ke fitowa ta sama ba. A watan Afrilu na 1977 ƙasa ta tsage a gefen dutsen ta kudu maso yamma, dab da mazaunin jama'a, narkakken dutse ya ratsa ƙauyen Singani, ya cinye gidaje masu yawa, bai tsaya ba sai da ya faɗa teku. Baƙin dutsen da ya bari yana nan har yanzu.

To ina maganar ruwa ta shigo? Ngazija tana samun ruwan sama mai yawa, amma babu kogi ko ɗaya da ke gudana a cikinta duk shekara. Dutsen da ya daskare cike yake da tsagogi da ƙofofi kamar rariya, ruwa na sauka yana nutsewa. Saboda haka mutanen ƙauyuka suka dogara ga manyan tankuna na siminti da suke ginawa domin tara ruwan sama, da yawansu kuma a buɗe suke.

A shekarar 2005 aka ga illar haka. Akwai wani tafki da ya taru a cikin ramin dutsen bayan fashewar 1991. Da narkakken dutse ya taso ya haɗu da ruwa a watan Afrilu, sai aka samu fashewa mai ƙarfi, kamar yadda ruwa ke yi idan ya zuba cikin tafasasshen mai. Toka ta turnuƙe sama, kimanin mutum 10,000 suka bar gidajensu. A watan Nuwamba abin ya sake aukuwa, tokar ta sauka har cikin Moroni, ta gurɓata ruwan shan mutane fiye da 100,000. Sai da motoci aka riƙa kai wa ƙauyuka ruwa, aka kuma shiga aikin yashe tankuna.

Wahalar ba ta tsaya nan ba. Tokar da ta kwanta a jikin dutsen ta toshe ƙofofin da ruwa ke bi ya nutse. Daga nan, duk lokacin da aka yi mamako, sai ruwa ya gangaro haɗe da taɓo da duwatsu ya afka wa gonaki da gidaje. Tsibirin da ba shi da kogi ya wayi gari yana fama da ambaliya.

Kartala ya sake motsawa a 2006 da kuma Janairun 2007. Akwai cibiyar masana a Moroni da ke sa masa ido da na'urorin auna girgizar ƙasa, domin girgiza takan ƙaru kafin wuta ta fito. Yankin ma gaba ɗaya bai yi barci ba: a 2019 masu bincike sun gano wani sabon dutsen wuta a ƙarƙashin teku, kimanin kilomita 50 gabas da Mayot.

Duk da haka mutane ba su ƙaurace wa dutsen ba. Ƙasar da tsohuwar toka ta bari tana da albarka, a kanta suke noman ayaba da rogo da kwakwa. Gajimaren da ke taruwa a kansa shi ke kawo ruwan da ke cika tankunansu. Darasin da 2005 ya bar musu mai sauƙi ne: tankin da aka yi wa murfi shi ne garkuwar iyali ranar da toka ta sauka. Allah ya kiyaye su da mu baki ɗaya, amin.