Kiran gida daga ƙasar waje: Hanyoyi mafi araha ga 'yan Mafara, Bakura da Maradun

Duk wanda ya bar Talata Mafara, Bakura ko Maradun ya tafi neman kuɗi ko karatu a Saudiyya, Libiya, Dubai ko Ingila, akwai kuɗin da ba ya iya kauce wa kashewa, wato na jin muryar mutanen gida.

A wannan yanki na yammacin Zamfara, kiran waya ya wuce gaisuwa. Ta nan ake sanin ko an kwana lafiya, ko kuɗin da aka turo ya iso, ko hanyar Gusau zuwa Sakkwato na biyuwa yau.

Tambayar da mazauna waje suka fi yi wa juna ita ce, wace manhaja ce ta fi araha? Amsar ta fi dogara ga wanda ake kira: irin wayar da ke hannunsa, ƙarfin sabis a garinsu, da ko wayar na da caji.

Hanyoyin kira iri biyu ne

Na farko shi ne kira daga manhaja zuwa manhaja, kamar WhatsApp, imo, Telegram da Messenger. WhatsApp ta fara kiran murya a 2015, na bidiyo kuma a 2016.

Ba a biyan kuɗin minti a wannan hanya, data kawai ake ci. Sai dai dole ɓangarorin biyu su kasance da babbar waya, da data, da intanet mai ɗan ƙarfi. Ga ɗalibin da ke Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, ko ɗan kasuwar da ke cikin gari, wannan ce hanya mafi sauƙi.

Na biyu shi ne kira daga manhaja zuwa layin waya. Kamfanoni irin su Rebtel, Talk360, Yolla, Boss Revolution da Viber Out ne ke wannan aiki. Mai kira yana sayen kati a cikin manhajar, ya buga lambar gida, wayar ta yi ƙara kamar kowane kira.

Wanda aka kira ba ya buƙatar data, ba ya biyan ko sisi, kuma ko ƙaramar waya mai tocila ce da shi zai ɗauka. Ga dattijuwar da ke ƙauyen da intanet ba ya tsayawa, wannan ce hanyar da ta fi tabbas.

A Ingila da wasu ƙasashen Turai akwai kuma layukan da aka yi domin baƙi, kamar Lebara da Lycamobile, waɗanda ke sayar da mintunan kiran ƙasashen waje a dunƙule.

Me ya sa kiran layi ba ya zama kyauta?

Duk kiran da ya shigo Najeriya daga waje, sai an biya kamfanin da ya kai shi wayar mai layin. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ce ke tsayar da wannan kuɗi.

A watan Janairun 2022 hukumar ta sa shi senti huɗu da rabi na dalar Amurka a kowane minti. Daga 1 ga Satumban shekarar ta ɗaga shi zuwa senti 10. A wannan lissafi, hirar awa ɗaya dala shida ce tsakanin kamfanoni, tun kafin mai manhaja ya ɗora ribarsa.

Saboda haka duk wanda ya tallata kiran layin Najeriya kyauta, ko a farashin da ya faɗi ƙasa warwas, akwai lauje cikin naɗi. Wasu na biyo da kiran ta ɓarauniyar hanya, sai ya bayyana a wayar gida da lambar Najeriya da ba a sani ba. NCC ta daɗe tana yaƙi da wannan ɗabi'a.

Illar hakan a Zamfara ta fi ta sauran wurare. Inda masu garkuwa da mutane ke amfani da waya wajen barazana, mutane da dama ba sa ɗaukar baƙuwar lamba. Sai ɗa ya yi ta kira daga Jidda, mahaifinsa na kallon wayar yana ƙin ɗauka.

Kafin a sayi kati mai yawa, yana da kyau a gwada da mafi ƙanƙanta. A yi kiran minti goma, a duba nawa aka cire, a kuma tambayi na gida wace lamba ce ta fito. Wasu kamfanonin na cire kuɗin haɗa kira, wasu na lissafa daƙiƙa kaɗan a matsayin cikakken minti, wasu kuma na sabunta rajistar wata da kansu daga katin banki.

Kowace ƙasa da dokarta

Manhajar da ke aiki a Landan ba lallai ta yi aiki a Dubai ba. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta toshe kiran WhatsApp, ko da yake saƙon rubutu da na murya suna tafiya. Manhajar Botim na cikin waɗanda hukumomin ƙasar suka amince da su, don haka sai na gida shi ma ya sauke ta.

Saudiyya ta ɗage haramcin kira ta intanet a watan Satumban 2017, amma kiran WhatsApp ya daɗe ba ya tafiya yadda ya kamata a can. Wannan na cikin dalilan da suka sa imo ta karɓu tsakanin ma'aikata baƙi da alhazai.

Manhaja ma tana mutuwa. Skype, wadda aka ƙirƙira a 2003 kuma ta yi shekaru tana kan gaba wajen kiran ƙasashen waje, kamfanin Microsoft ya rufe ta ranar 5 ga Mayun 2025. A ranar 4 ga Oktoban 2021 kuwa, WhatsApp da Facebook sun ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida.

Abin da ya faru a 2021

Babu wanda ya san iyakar waɗannan manhajoji kamar mutanen wannan yanki.

A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai mata 279 a makarantar Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba kuma aka kwashe ɗalibai 73 a makarantar sakandaren Kaya da ke ƙaramar hukumar Maradun.

Kwana biyu bayan haka, NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su katse sabis a faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnan lokacin, Bello Matawalle, wanda shi kansa ɗan Maradun ne. Manufar ita ce a hana 'yan bindiga sadarwa yayin da sojoji ke kai musu farmaki.

Tun farko mako biyu aka ce. An dawo da sabis a Gusau ranar 1 ga Oktoba, sai a ƙarshen Nuwamba gwamnan ya sanar da dawo da shi a sauran sassan jihar. Jihohin Katsina da Sakkwato su ma sun katse a wasu ƙananan hukumominsu.

A tsawon waɗannan makonni, mai WhatsApp da mai katin dala duk ɗaya suka zama, domin babu turken sadarwar da zai karɓi kiran. Mutane suka koma rubuta wasiƙa suna ba direbobi a tasha, wasu kuma suka riƙa tafiya har birnin Sakkwato don su yi waya.

Wanda ke da ɗan'uwa ko amini a garin da sabis bai ɗauke ba, shi ya fi samun labarin gida. Shi ya sa ya kamata duk mazaunin waje ya ajiye lambar wani amintacce a Gusau, Sakkwato ko Kaduna, wanda zai iya kai saƙo da ƙafa idan hali ya yi. Haka kuma a gida a samu layuka biyu na kamfanoni daban, misali MTN da Airtel, domin idan turken ɗaya ya tsaya, sau da yawa ɗayan na aiki.

Kiran "kyauta" na cin kuɗin na gida

Mai kira daga waje yawanci yana kan intanet ɗin gida ko na wurin aiki, sai ya ga kamar bai kashe komai ba. Amma na Bakura datarsa ce ke ƙonewa, kuma a watan Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data.

Akwai hanyoyin rage wannan nauyi. Kiran murya ba ya kai megabait ɗaya a minti, na bidiyo kuwa ya ninka haka sau da yawa, don haka a bar bidiyo sai ranar sallah ko suna. A cikin saitin WhatsApp akwai wurin rage datar da kira ke ci. Inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, saƙon murya ya fi kira, domin yana jira har intanet ya dawo sannan ya tafi.

Mafi yawan manhajojin kiran layi suna kuma ba da damar tura wa na gida kati ko data kai tsaye. Ƙaramin faifan sola ko batirin ajiyar caji shi ma tsaraba ce mai amfani, don ya rage zaryar zuwa wurin masu cajin waya.

Lokacin kira ma na da tasiri. Saudiyya na gaban Najeriya da awa biyu, Dubai da awa uku. Manomin da ke aiki a filayen noman rani na madatsar ruwan Bakolori ba ya kusa da waya da hantsi. Idan aka tsayar da rana da lokaci, kamar bayan Isha'i ranar Juma'a, na gida zai yi caji ya nemi inda sabis ya fi ƙarfi, ba a ɓarnatar da kati wajen "kana ji na?" ba.

A kuma tabbatar an haɗa layin iyaye da lambar NIN, tunda an rufe layuka masu yawa bayan cikar wa'adin Satumban 2024. Shi ma mazaunin waje da ya buɗe WhatsApp da lambar Najeriya, ya riƙa sa mata kati lokaci-lokaci. Layin da ya daɗe ba a taɓa shi ba, kamfani na iya karɓewa ya sayar wa wani.

A kula da abin da ake faɗa

'Yan damfara na kwace WhatsApp ɗin mutum ta hanyar yaudararsa ya faɗi lambobi shida da ake turowa ta saƙo, daga nan su riƙa roƙon danginsa kuɗi da sunansa. Ba a ba kowa waɗannan lambobi, kuma manhajar na da matakin tsaro na biyu da ake sa wa lambar sirri.

Duk saƙon da ya ce a turo kuɗi cikin gaggawa, a kira a ji murya kafin a tura.

Sannan maganar kuɗi ko ranar dawowa gida ba ta buɗe lasifikar waya ba ce a majalisa, a kasuwar Talata ko a gaban mai POS. Hukumomin Zamfara sun sha kokawa kan masu kai wa 'yan bindiga rahoto, kuma gidan da aka san ana turo masa riyal ko dala yana jan ido.

Don haka kafin mazaunin waje ya sauke sabuwar manhaja, ya fara tambayar wace waya ce a hannun Inna, wane layi ke kamawa a ƙauyensu, kuma wa zai kai mata saƙo ranar da sabis ya ɗauke. Daga amsoshin nan zai san wadda ta dace da shi.