AK-47, FAL da M16: me ya sa ɗaya ta fi yaɗuwa?

A Briqueterie, unguwar Hausawan Yawunde, duk mai 'yan'uwa a jihar Arewa Mai Nisa ya saba jin sunan AK-47 a labaran hare-haren Boko Haram. Ba wai ta fi sauran bindigogi ƙarfi ba ne. FAL ta Beljiyam, mai harsashi 7.62×51, ta fi ta ƙarfi da nisan zango, sai dai nauyi da tsada. M16 ta Amurka kuwa harsashinta 5.56×45 ƙarami ne mara nauyi, sababbin samfuranta kuma suna da wurin ɗaura madubin saiti da fitila, amma tana son gogewa kullum.

Ita AK-47, wadda sojojin Tarayyar Sobiyet suka fara riƙewa a 1949, tana jure ƙura da laka. Ƙasashe da dama sun ƙera ta, harsashinta 7.62×39 kuma ya cika hannun masu fasa-ƙwauri, musamman bayan faɗuwar Gaddafi a Libiya a 2011. Abin da ya jawo arharta ke nan.

A Kamaru duk ukun makaman yaƙi ne. Dokar ranar 14 ga Disamba 2016 ba ta yarda farar hula ya mallake su ba, ko mafarauci ma sai da izinin hukuma yake riƙe bindigar farauta mai lamba 12.