Sabon Irin Wake da Matsalar Sa Ido: Darasi Daga Masana'antun Kano

Gabatarwa

A wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin nazarin matsayin fasahar sauya ƙwayoyin gado na tsirrai a cikin noma mai ɗorewa, tare da ɗaukar wake a matsayin misali. Ra'ayinmu shi ne, amfanin wannan fasaha ya rataya ne a kan sa idon da za a yi bayan iri ya shiga hannun manomi.

Yadda Irin Yake Aiki

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, amma tsutsar Maruka, wadda ke cin fure da kwanso, takan lalata har kashi 80 cikin ɗari na amfanin gona. Saboda haka manomi kan yi feshi sau shida zuwa takwas a damina guda. A watan Disamba, watau ƙarshen shekarar 2019, aka saki irin SAMPEA 20-T na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. An dasa masa ƙwayar gado daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa mai suna Bacillus thuringiensis, ta yadda tsiron kan samar da sinadarin da ke kashe tsutsar. Da wannan iri, feshi biyu kan wadatar.

Sai dai wajibi ne mu lura cewa kariyar ta gona ce kawai. Ƙwaron da ke huda wake a rumbu yana nan. Maganin ƙwari irin na fiya-fiya da ake zuba wa wake domin ajiya shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Maganin wannan kuwa shi ne buhu mai ninki uku wanda ba ya barin iska ta shiga.

Doka da Aiwatarwa

Dokar 2015 ta kafa hukumar da ake kira NBMA a taƙaice, wadda ke ba da izinin gwaji da na sakin irin wannan iri. A nan ne Kano ke da darasi. An kafa hukumar kare muhalli ta tarayya tun 1988, amma ruwan majemu da masaƙu na Bompai ya daɗe yana kwarara cikin rafin Getsi da Jakara, na Sharaɗa da Challawa kuwa cikin kogin Challawa, masu lambu suna ban-ruwa da shi. Doka tana nan a rubuce, bibiya ce ta yi rauni.

Haka abin zai kasance ga wake idan aka yi sake. A kasuwar Dawanau da kwano ake awo, ba takardar da ke bin buhu. Har ila yau, idan ba a shuka waken gargajiya kusa da sabon iri ba, tsutsar da ta jure sinadarin za ta yaɗu, irin ya rasa amfaninsa.

Kammalawa

Muna ba da shawara guda uku. Na farko, a horar da malaman gona su riƙa auna juriyar tsutsa kowace damina. Na biyu, a rubuta bayanin iri da Hausa, boko da ajami. Na uku, kwalejojin ilimi su sa wannan darasi cikin manhajar malaman aikin gona, domin ɗalibanmu ne za su kai bayanin ƙauye.