HUNTURUN BANA: WA YA SAN IRIN SANYIN DA ZA A YI?

Da zarar damina ta yi sallama, aka kai gero rumbu, dawa kuma ta soma nuna, sai wata tambaya ta riƙa yawo a bakin jama'a: "Shin bana za a yi sanyi kuwa?" Mai sayar da gwanjo yana so ya san ko dila nawa ta rigunan sanyi zai saro. Manomin alkama a Kadawa ya ƙagu ya ji, gama alkama ba ta yin kyau sai da sanyi. Uwa mai goyon jariri ita ma tana da nata dalilin. Dattawanmu sukan ce in an sha ruwa da yawa a damina, to, a shirya wa ɗari. A 'yan shekarun nan kuma an sami ƙari, watau saƙonnin da ke yawo a wayoyin hannu, masu cewa wai masana sun gano za a yi sanyin da ba a taɓa gani ba. Wata baba a unguwarmu ta taɓa cin bashi ta sayi barguna saboda irin wannan saƙo, sanyin kuwa bai zo yadda aka faɗa ba, ta shiga bazara tana biya.

Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu duba yadda masu binciken yanayi suke yin hasashen watanni masu zuwa, domin mu san abin da za mu riƙe da abin da za mu bari ya wuce. Za mu ɗauki misali daga ƙasashen Turai da Amurka, inda lokacin sanyi yake zuwa da ƙanƙara, inda kuma aka daɗe ana wannan aiki.

Da farko dai, faɗin yanayin gobe daban yake da faɗin yanayin wata uku masu zuwa. A shekarar 1961 wani masani ɗan Amurka mai suna Edward Lorenz yana lissafin tafiyar iska da kwamfuta. Ya so ya maimaita wani lissafi, sai ya gajarta wata lamba, maimakon 0.506127 ya rubuta 0.506, yana ganin ɗan abin da ya zubar bai kai a kula da shi ba. Da ya dawo ya duba, sai ya tarar amsar ta bi wata hanya dabam ƙwarai. Daga nan aka gane cewa ƙaramin kuskure wajen auna iskar yau yakan yi ta girma kowace rana, har in an kai wajen mako biyu ba a iya faɗin yadda wata rana guda za ta kasance. Saboda haka duk wanda ya ce mana tun watan Oktoba ya san ranar da sanyi zai sauka a Janairu, ba daga ilimin yanayi ya samo ba.

To, da me masana suke kama hanya? Da ruwan teku. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya da asubar hunturu ya san yakan ji shi da ɗumi, alhali iskar waje tana yankan fata. Ruwa ba ya saurin sake hali kamar iska. In wani yanki na teku ya yi ɗumi fiye da yadda ya saba, yakan zauna haka watanni, yana tura iskar da ke bisansa zuwa wani gefe. Babban misali shi ne na Tekun Fasifik, kusa da ƙasar Peru. Masuntan wurin sun daɗe da lura cewa ruwa mai ɗumi yakan zo musu wajen lokacin Kirsimeti, suka sa masa suna El Nino, watau "Yaron" da harshen Sifaniyanci, suna nufin jariri Yesu. Yau da wannan suna ake kiran babban ɗumamar da takan faru a tekun bayan shekara biyu zuwa bakwai. In kuma ruwan ya yi sanyi fiye da kima, sai a ce La Nina. A shekarar 1986 ne wasu masana biyu a Amurka, Mark Cane da Stephen Zebiak, suka fara faɗin zuwan El Nino tun watanni kafin ya zo, kuma ya zo.

Sai dai abin da teku yake bayarwa rinjaye ne kawai. Mace mai tuƙa tuwo ta san in ta ƙara itace talge zai tafasa da ƙarfi, amma ba za ta iya nuna wurin da zai fara tartsatsi ba. Don haka hukumomin yanayi ba sa cewa "za a yi sanyi". Sukan raba abin gida uku, sanyi fiye da yadda aka saba, ko daidai, ko ƙasa da haka, su ba kowane gida kasonsa cikin 100. A nan ne fa rigima take tasowa tsakaninsu da jama'a.

Abin da ya sami Ofishin Binciken Yanayi na Ingila ya isa misali. A watan Afrilu na 2009 ofishin ya ba da sanarwa cewa alamu sun fi karkata ga bazara mai daɗi, irin wadda mutane za su fita waje suna gasa nama. Jaridu suka ɗauki maganar gashin naman suka bar lissafin. Watan Yuli ya zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin wannan dariya ta lafa, a ƙarshen Nuwamba ofishin ya fitar da hasashen lokacin sanyi: kashi 50 cikin 100 sanyin zai yi sauƙi, kashi 30 zai zama daidai, kashi 20 kuma zai yi tsanani. Abin da ya biyo baya shi ne sanyin da ƙasar ba ta ga irinsa ba tun na 1978 zuwa 1979. Ƙanƙara ta rufe hanyoyi, aka rufe makarantu, gishirin da suke zubawa a kan titi don narkar da ita ya yi ƙaranci. A watan Maris na 2010 ofishin ya sanar cewa ya daina fitar wa jama'a irin wannan hasashe na watanni.

Shin ƙarya suka yi? A ganinmu ba su yi ba. A ce mutum yana da goro goma a aljihu, takwas farare, biyu jajaye, ya gaya maka haka, ka sa hannu ka ciro ja. Bai ruɗe ka ba, gama ya faɗa maka jan yana ciki. Kashi 20 cikin 100 sau ɗaya ke nan cikin biyar, kuma babu mai hankalin da zai hau motar da aka ce masa sau ɗaya cikin biyar takan faɗa rami. Laifin da za mu iya ɗora musu shi ne na baki, domin sun san yadda jarida take son kanun labari mai daɗi, suka kuwa ba ta. Ga shi kuma Ingila tana nesa da Tekun Fasifik. Sanyinta ya fi dogara ga bambancin nauyin iska tsakanin tsibirin Aisland da tsibiran Azores a Tekun Atlantika, wanda a wannan shekara ya karkace ƙwarai. Sai a 2014 masanan ofishin suka nuna cewa sun fara iya hango wannan da ɗan dama-dama.

Akwai kuma wani tarko na biyu, wanda ya fi haɗari. Hasashen wata uku yana magana ne a kan matsakaicin yanayin dukan watannin, ba ya cewa kome game da mako guda. A Oktoba 2020 hukumar yanayi ta Amurka ta ce, saboda La Nina, kudancin ƙasar ya fi karkata ga samun sanyi mai sauƙi. A tsakiyar Fabrairu 2021 iskar ƙanƙara ta gangaro daga can ƙurewar arewa ta sauka a jihar Teksas. A birnin Dallas ma'auni ya kai digiri 19 ƙasa da sifiri. Gidaje fiye da miliyan huɗu suka rasa wutar lantarki, hukumar lafiya ta jihar ta ƙidaya mutum 246 da suka mutu, wasunsu saboda shaƙar hayaƙin abin da suka kunna a ɗaki don jin ɗumi. Kwana kaɗan ne suka yi wannan ɓarna.

Mu dawo gida. Hunturunmu iska ce mai busowa daga arewa maso gabas, daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris. Yawancin ƙurar da take kawo mana daga wani kwari take tasowa a arewacin Cadi, mai suna Bodele, wanda a zamanin da can ƙasan babban tafki ne. In iska mai nauyi ta taru a bisan Libiya, sai ta kutsa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi kamar ruwa a maƙogwaron kwalba, ta kwashi farar ƙasar kwarin ta yo kudu da ita. Taurarin ɗan Adam suna ganin tashin ƙurar, shi ya sa hukumar NiMet take iya gargaɗin hazo na kwana uku masu zuwa, matuƙa jiragen sama kuma suna dogara da shi. Amma taruwar iskar Libiya abu ne na kwanaki, irin wanda Lorenz ya nuna ba a hango shi daga nesa. Hasashen shekara da NiMet takan fitar a farkon kowace shekara ya fi ƙarfi wajen damina, watau lokacin faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa da yawansa, domin ruwan samanmu yana jin ɗumin tekuna sosai. Haka ma aikin cibiyoyin ACMAD da AGRHYMET da ke Yamai.

Abin da muka sani ba tare da jiran kowa ba ya fi yawa. Mun san Disamba da Janairu ne tsakiyar ɗari, cewa Jos da ke kan tudu mai tsawon wajen mita 1,200 ta fi Kaduna jin sa, cewa a wannan lokaci ne gobara take cin kasuwanni da gidaje, gama kome ya bushe ga iska tana kaɗawa. Mun san kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga yana kashe mutum yana barci, a Teksas ko a Zonkwa. Mun kuma san cewa busasshiyar iska mai ƙura tana share wa sanƙarau hanya, wanda yakan yi ƙarfi daga Janairu har zafin bazara. Waɗanda suka ga 1996 ba su manta ba, shekarar da cutar ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Allurar rigakafi da bargon yaro ba sa bukatar a san ko bana goro ja za a ciro ko fari.

Mai gwanjo da manomin alkama su ne suke da caca ta gaske a cikin maganar, gama kuɗinsu suke zubawa tun kafin iska ta juya. Ga manomin, malaman gona sukan ce a shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, domin alkamar ta cika ido kafin zafin Maris ya same ta. Wannan ƙa'ida daga lissafin shekaru masu yawa aka ciro ta, kuma ta fi kowane saƙon waya ƙarfi. Mai gwanjo kuwa, in ya ji an ce za a yi sanyi, sai ya tambayi wanda ya faɗa: wace hukuma ce, a wane gari, kashi nawa cikin 100? In babu amsar ukun nan, ya saro dilar da ya saba sarowa, ya ajiye sauran kuɗin har ya ga makon farko na Disamba.