Malamin Zane Ma Yana da Aiki a Lokacin Annoba

Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, aka koma ba da darasi ta rediyo da talabijin, lissafi da Turanci da kimiyya aka sa a gaba. Zane-zane kuwa aka ce ya dakata tukuna. Na ji wannan magana daga iyaye, na ji ta daga 'yan uwana malamai da nake ganin girmansu: wai ana ta rai, wa yake ta fenti? Alƙaluman cuta, a cewarsu, aikin likita ne da malamin lissafi. Na fahimci hujjarsu, domin lokacin darasi kaɗan ne, jarrabawa kuma ba ta jiran kowa. Duk da haka ina ganin an yi kuskure.

A tuna yadda labarin cutar ya riƙa riskar mu. Kowane dare hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, NCDC, tana fitar da adadin waɗanda suka kamu, jiha bayan jiha, kafin asuba ya karaɗe WhatsApp. Mutum nawa ne suka ɗauki biro suka yi lissafi? Ido ne ke fara yanke hukunci: layin nan hawa yake ko sauka, jiharmu ta yi ja a taswira ko ba ta yi ba. Wanda kuwa ke horar da ido a makaranta, ya koya wa yaro launi da girma da tazara, shi ne malamin zane.

Abin ba yau ya fara ba. Ma'aikaciyar jinya Florence Nightingale ta dawo daga yaƙin Kirimiya da tarin alƙaluman sojojin Birtaniya da suka mutu. A 1858 ta fitar da su cikin zane: da'ira ce aka yanka gida 12 kamar kankana, kowane yanki wata guda. Ja na waɗanda rauni ya kashe, baƙi na sauran dalilai, shuɗi na cututtukan da tsafta za ta iya hanawa. Shuɗin nan ya danne sauran launukan, ya mamaye takarda. Babban mutumin da ba zai taɓa bin jadawali layi-layi ba, kallo ɗaya zai yi ya gane cewa cuta ta fi harsashi ɓarna. Gani ya kori ji. Haka likita John Snow a Landan, bayan kwalarar 1854: ya sa ɗan baƙin layi a taswira kan kowane gidan da aka yi rashi, sai ga su sun yi cincirindo kewaye da famfon titin Broad.

Masu cewa zane ya dakata suna da wata gaskiya, ba zan ɓoye ta ba. Zane mai kyau yana iya yin ƙarya, kuma kyansa ne ke sa a yarda da shi. Na gani a ajina bayan an koma makaranta. Na ba ɗalibai kwali da fensir mai launi, na ce su nuna adadi biyu, ɗaya ninkin ɗaya. Wata yarinya ta zana da'ira biyu, ta ninka faɗin ta biyun, ta shafe su tsaf da launi. Na ce ta yanka ƙaramar ta ɗora a kan babbar. Ta ɗora, ta yi shiru, can ta ce, "Malam, ai wannan ta fi ninki biyu nesa ba kusa ba." Gaskiyarta: in ka ninka faɗin da'ira, filinta ninki huɗu yake zama. Malamin lissafi ya san wannan a allo, amma da almakashi a hannunta ta gane shi. Shi ya sa nake son a haɗa malaman biyu a darasi ɗaya, ɗaya ya tabbatar da adadi, ɗaya ya lura da abin da ido zai ɗauka. A nan ne ma yaro zai koyi tambayar da ta fi kowace muhimmanci: jihar da ta fito fara fat a taswira, lafiya ce a can, ko gwaji ne ba a yi ba?

Korona ta lafa, amma amai da gudawa na dawowa kusan kowace damina. A 2021 kaɗai sama da mutum 100,000 aka yi zargin sun kamu a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma jihohin arewa ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Darasin zane yana nan a manhajar firamare da ƙaramar sakandare, ba sai an ƙirƙiro sabo ba, ba kuma sai da kwamfuta ba. Yara za su iya zana taswirar unguwarsu, su sa shuɗi a kan rijiya da burtsatse, baƙi a kan kwata da juji, su auna tazarar da ke tsakani da takunsu. Sharaɗi ɗaya nake gindaya musu, kada a sa sunan gidan kowa, domin wasu cikinsu a gidajensu aka yi zaman makokin.