IDAN KISHIYAR SANA'A NA LEƘEN SITATUS ƊINKI

 

Tambaya ɗaya ta yi yawa a saƙonninku, galibi daga mata masu sana'a a cikin gida, masu turaren wuta, humra, dambun nama, yajin jego da atamfa. Wai mai irin sana'ata ce ke fara buɗe sitatus ɗina, in na sa farashi da safe, da yamma sai ta sa nata da ragin naira ɗari biyu. Malam, in toshe ta ne, ko ido ne take yi mini?

Da farko dai, kallo ba laifi ba ne, kuma ba sabon abu ba ne. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa take ci, kuma masu kaya iri ɗaya layi guda suke zama. A Kantin Kwari ma maƙwabcinka yana ganin dilar da aka sauke maka, yana jin yadda kuka daidaita da mai saye. Waya ta faɗaɗa layin ne kawai. Abin da kika baza a sitatus na awa 24, a bakin rumfa kika baza shi.

Shari'a ba ta hana wani ya sayar da irin kayanki ba, ba ta hana shi sassauta farashi ba. Abin da aka hana shi ne shiga cikin cinikin ɗan'uwa. A Risala ta Ibn Abi Zaid, a babin ciniki, an fayyace cewa hanin yana farawa ne idan mai saye da mai sayarwa sun karkata ga juna, sun kusa ƙullawa, ba tun farkon tayi ba. To wadda ta ga kwastoma ta rubuta miki "a ajiye min biyu", sai ta bi ta ta bayan fage ta ce zo in ba ki a ƙasa da haka, wannan ta taka haramun. Haka wadda ta ɗauki hoton kayanki ta ce nata ne, alhali nata bai kai ba. Wannan algus ne.

Toshewa kuwa ba ta cika magani ba. Za ta kalla da wayar ƙanwarta, ko ta kashe alamar karanta saƙo, sai sunanta ya daina fitowa cikin masu kallo, ke kuma kina zaton ta tafi. In 'yar'uwa ce ko maƙwabciya, kin jawo gaba a banza. WhatsApp yana da wurin da za ki cire wasu daga ganin sitatus ba tare da an sanar da su ba, wannan ya fi toshewa sutura. Amma gyaran gaskiya yana ga abin da kike sakawa.

Kada ki nuna inda kike sari. Wata sai ta ɗauki bidiyo a shagon dila, ga allon shagon da lambar waya a bayanta, ta gama yi wa kishiya jagora da hannunta. Kada ki ɗauki bidiyon haɗi tun daga awo har kwaɓi. Nuna kayan bayan an gama. In za ki sa yabon kwastoma ko alat na banki, goge suna da lamba tukun, don amana ce, ba ma don kishiya kaɗai ba. Ki kuma lura: a guruf kowa na ganin lambar kowa, mai son kwashe miki mutane shiga ɗaya za ta yi. Saƙon bai-ɗaya irin wannan da kuke karantawa yana ɓoye lambobi, yana ɗaukar mutum 256, sai dai ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarki ba. Hoto kuma a rubuta suna a tsakiyarsa, a kan kayan, don na gefe yanke shi ake yi.

Ga masu haɗa magani, abin ya wuce asarar riba. Mutum ya ga hoton kwalba da suna, bai san awo ba, bai san wanda bai kamata ya sha ba, kamar mai ciki ko mai ciwon ƙoda, sai ya cusa abin da ya samu ya manna sunanka. Ran da wani ya cutu, ƙofarka za a buga. Don haka wanda sana'arsa ta kafu ya yi rajistar suna a CAC, ya nemi lambar NAFDAC. In an kwaikwayi tambarinka ko lambarka, ka ɗauki hoton shaida da kwanan wata, ka fara yi masa magana a asirce, in ya ƙi ka tura dattijo ko shugaban ƙungiyarku, in ya ƙi sai hukuma. Ku masu saye ma, ku karɓi magani daga lambar da kuka sani.

Batun ido kuwa, gaskiya ne, ya tabbata a hadisi. Kariyarsa zikirin safe da yamma, Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu, Falaƙi da Nasi. Ba a zuwa wurin boka, kuma ba a ɗora wa Musulma tuhuma don kawai ta buɗe sitatus. Kafin ki ce an yi miki baki, duba lokaci: bayan Sallah ne? An koma makaranta iyaye na biyan kuɗi? Ko kayan sun tashi a sari? Habaicin nan na "maƙiya sai dai ku mutu" a daina shi, don Allah. Kwastoma ta zo ganin atamfa ta tarar da faɗa, ba ta san da wa ake ba, sai ta zame.

Akwai kuma masu kwana suna ƙirga wa ya kalla, wa bai kalla ba, har ƙarfe biyun dare. Rashin barci da damuwa suna taimaka wa hawan jini. A ajiye waya bayan Isha'i, a ware lokaci biyu a yini na amsa ciniki. Mai yawan ciwon kai ko bugun zuciya ya je a auna jininsa, kuma wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya bari don ya fara shan zoɓo ko tafarnuwa.

Wassalamu alaikum.