Jarrabawar Gefen Gado

A asibitocin koyarwa na Arewa, irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai lokacin da majinyata ke samun baƙi fiye da yadda suka saba. Da yamma, bayan manyan likitoci sun gama zagaye, sai ga samari da 'yan mata cikin fararen riguna suna shigowa bibbiyu, kowa da abin sauraren ƙirji rataye a wuya. "Baba, sannu da jiki. Ni ɗalibi ne, ka ba ni izini in duba cikinka?" Wani dattijon, idan saifarsa ta kumbura sosai ko zuciyarsa na fitar da wani sauti na daban, sai a duba shi sau da yawa kafin magariba. Waɗannan 'yan ajin ƙarshe ne, jarrabawar gefen gado ce ta ƙarato.

Karatun likita a Najeriya shekara shida ne, idan yajin aiki bai ƙara masa tsawo ba. A cikinsu ɗalibi ya yanka gawa, ya haddace sunayen jijiyoyi da ƙwayoyin cuta da magunguna, ya cika takardu ba adadi. Amma dokar da kowane ɗalibi ya sani ita ce, ko ya cinye makin rubutu duka, in ya faɗi a gaban majinyaci, ya faɗi wannan fannin. Rabin maki ake nema, kuma babu ciniki.

Abin da ake gwadawa aikin baki ne da ido da hannu da kunne. Baki ne farko. Majinyaci ba ya zuwa da sunan cutarsa. Abin da zai ce shi ne jikinsa babu daɗi, ko cikinsa na murɗawa. Daga nan ɗalibi zai soma jan zare: tun yaushe, ta wane gefe, kafin cin abinci ko bayansa, akwai zazzaɓi, an sha wani jiƙo ko an sayi magani a kemis? Tambayar ƙarshen nan ita ce mai wuya, domin mutum ba zai faɗi gaskiya ba idan ya ji alamar za a yi masa faɗa. Haka tambayar mace a kan al'adarta ko yawan ɓarin da ta yi, alhali uwar mijinta na zaune a bakin gado. Babu littafin da ke koya wa yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai yadda zai roƙi Hajiya ta ɗan ba su wuri ba tare da ta ji an kore ta ba. A wajen wanda ya iya ake gani, a kwaikwaya. Bayan duk wannan kuma, labarin da aka karɓa da Hausa za a tsara shi a gabatar wa malamai da Turanci, a taƙaice, ba inda-inda.

Sai duba jiki, shi ma da tsarinsa. Ana tsayawa ta hannun daman majinyaci. A ja fatar ido ƙasa a ga ko jini ya yi ƙaranci, a duba farin idon ko akwai shawara, a kalli farce, a danna ƙauri a ga ko yatsa zai bar rami. In an zo ciki, sai an tambayi inda ke ciwo, a fara lalube daga nesa da wurin, ido kuma yana kan fuskar mara lafiya, domin fuska kan nuna zafi tun baki bai furta ba. Saifa tana hagu, amma daga ƙasan ciki ta dama ake soma nemanta, saboda in ta girma can take nufa, kuma wanda ya fara daga sama yana iya ɗora hannu a kanta bai ji bakinta ba. A ƙasar da zazzaɓin sauro da amosanin jini suka yi yawa, wannan ba ƙaramin darasi ba ne.

Daga nan a shimfiɗa yatsa a kan ƙirji a ƙwanƙwasa shi da wani yatsan, kamar yadda mai sayen kankana ke yi kafin ya biya. Huhu mai iska da huhun da ruwa ya taru a gefensa ba sa amsawa iri ɗaya. Wani likitan Austiriya, Leopold Auenbrugger, shi ya rubuta wannan dabara a 1761, abin sauraren ƙirji kuma René Laennec ya ƙirƙiro shi a Faris a 1816. Wasu na ganin tun da an sami hoton ciki da na ƙirji, waɗannan tsofaffin dabaru sun zama tarihi. Wanda ya taɓa kai mara lafiya ƙaramin asibitin karkara cikin dare, babu wuta, babu mai ɗaukar hoto, ba zai yarda da wannan magana ba.

Tsohon salon jarrabawar shi ne a ba ɗalibi majinyaci guda na gaske, ya zauna da shi kamar awa ɗaya, sannan malamai su zo su titsiye shi da tambayoyi. Aibinsa sa'a ta yi yawa a ciki: wani ya dace da mai haƙuri da cuta bayyananniya, wani ya haɗu da wanda ya gaji da magana, ga kuma malami mai zafi. Don rage wannan ne Ronald Harden da abokan aikinsa a Jami'ar Dundee ta Sikotilan suka bayyana wani sabon tsari a 1975, wanda ake kira OSCE, ɗalibai kuma suna cewa oski. Ana jera tashoshi, kowace 'yan mintoci kaɗan, ƙararrawa na kaɗawa ka tashi ka koma ta gaba ko ka gama ko ba ka gama ba. A nan ka auna jini, a can ka duba mai juna biyu, a gaba ka yi wa wata uwa bayanin yadda ake haɗa ruwan gishiri da suga. Wani lokaci wanda ke kwance lafiyarsa ƙalau, an koya masa abin da zai faɗa ne. Malami na gefe da takarda yana duba ko ka yi sallama, ka faɗi sunanka, ka nemi izini, ka wanke hannu, ka nemi mace ta tsaya kafin ka duba mace, ka mayar da mayafi bayan ka gama.

Wannan tsari ya fi adalci, babu shakka, kowa tambaya ɗaya da ma'auni ɗaya. Abin da ke damuna da shi shi ne yana haddatuwa. Za ka ga ɗalibai a ɗakin kwana ɗaya ya kwanta ɗaya na duba shi na uku na riƙe da agogo, har su iya jero matakan ido rufe, amma cikin abokinka mai lafiya ba zai koya maka yadda hanta mai ciwo take a ƙarƙashin yatsa ba. Shi ya sa nake ganin makarantun da suka riƙe wani abu na tsohon salon tare da sabon sun fi kusa da daidai.

Jiran sakamako kuwa wata jarrabawar ce. Sai malaman gida da waɗanda aka gayyato daga wasu jami'o'i sun zauna sun tattara maki. A tsakanin nan ɗalibi yana ta bitar abin da ya wuce: na duba ƙafafu kuwa, me ya sa malamin ya yi shiru da na ba da amsa? A gida tuni ƙanne da gwaggwanni sun fara kiransa Dakta, yana amsawa da nauyin zuciya. Ranar da aka liƙa takarda a allo, kafin ka isa wani ya ɗauki hotonta ya tura WhatsApp. Wanda ya tsallake, sai rantsuwa da lasisin wucin gadi da shekara guda ta sanin makamar aiki, wata uku-uku a sashen manya da na tiyata da na yara da na mata. Wanda ya faɗi fanni ɗaya yakan sake zama bayan 'yan watanni. Wanda abin ya fi haka, ya maimaita shekara.

Akwai wasu kuma da jiransu ya fi ɗaci, su ne 'ya'yanmu da suka karanto likitanci a Sudan da Masar da Indiya da Yukren da sauransu, da yawansu da kuɗin gwamnatocin jihohi. Takardar shaidarsu ba ta ba su damar taɓa majinyaci a Najeriya sai sun ci jarrabawar MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, wadda ta haɗa tambayoyin kwamfuta da na hotuna da oski. A zaman da aka yi a asibitin Malam Aminu Kano a watan Nuwamban 2023, mutum 836 suka shiga, 433 ba su tsallake ba. Yaƙi ma ya yi nasa: na Yukren a 2022, lokacin da hukumar ta ce ba za ta amince da karatun likita ta intanet ba, da na Sudan a Afrilun 2023, wanda ya sa aka kwaso ɗalibai ta iyakar Masar da ta Port Sudan.

Iyaye da yawa na ganin hukumar ta tsananta. Ni dai ina bayanta a kan kada a sassauta, domin ran wani za a damƙa wa yaron da ya karanto a waje. Amma ba daidai ba ne a bar shi shi kaɗai da laifin. Wanda ya yi karatu inda majinyata ba sa jin yarensa, ko inda ba a cika barin baƙo ya taɓa mara lafiya ba, ko inda bai taɓa ganin yaro mai tamowa ba, ba rashin ƙwaƙwalwa ke damunsa ba, hannunsa ne bai saba ba, kuma wannan yana da magani. Jihar da ta iya biyan kuɗin shekara shida a Alkahira ko Khartum tana iya samar masa wata shida a babban asibitinta, ƙarƙashin likitan da aka ɗora wa alhakin koyar da shi, da ɗan alawus na abinci da mota, kafin ya sake biyan kuɗin zama na gaba.